Kwano, Inuwa da Zakka: Nazarin Sauyin Kai-tsaye a Aljabara Daga Ƙasar Lambara

A manhajar lissafi ta makarantun Najeriya akwai wani babi da ɗalibi kan fara cin karo da shi wajen ƙarshen ƙaramar sakandare, ya sake haɗuwa da shi a babbar sakandare, sannan ya iske shi yana jiransa a takardar WAEC ko ta NECO. Babin yana magana ne a kan adadi biyu masu tafiya tare, waɗanda in ɗaya ya ninka ɗayan ma sai ya ninka, in ɗaya ya koma rabi ɗayan ma ya koma rabi. Wannan shi ne sauyin kai-tsaye. A kan allo ana rubuta shi y = kx, inda x da y ke sauyawa, k kuma ta tsaya cik. Hanyar warware tambayoyinsa gajeriya ce. A ce an ba ka cewa y tana 45 a lokacin da x take 9, aka tambaye ka nawa y za ta zama in x ta kai 14. Sai ka raba 45 gida 9, ka sami 5, ita ce k. Ka ninka 5 sau 14, ka sami 70. An gama.

Saboda gajartar hanyar ne malamai da yawa ke ɗaukar babin a matsayin mai sauƙi, su ba shi darasi ɗaya ko biyu su wuce. Ni kuwa ina ganin a nan ne ake yin babbar asara. Rabawa da ninkawa da ke cikin hanyar su ne ƙaramin aiki. Babban aikin, wanda kusan ba a koyar da shi, shi ne mutum ya iya duban al'amari ya yanke hukunci: shin wannan sauyin kai-tsaye ne ko kuwa kama kawai ya yi da shi? In kuma shi ne, mece ce k ɗinsa a zahiri, kuma har zuwa ina take tsaye? Zan bi wannan magana ta hanyar rayuwar gari kamar Lambara, da ke ƙaramar hukumar Shagari a kudancin birnin Sakkwato, maƙwabtaka da ƙasar Boɗinga, domin a irin wannan wuri kasuwa da gona da zauren karatu sun riga sun tanadi duk misalan da ake bukata.

A fara da mai awo. Yana zaune gaban tarin gero a kan tabarma, kwanonsa a hannu, wata dattijuwa ta tsaya ta ce, "Ɗana, auna mini goma sha huɗu." A ɗauka dai, don misali, wanda ya gabace ta ya sayi kwano shida a naira 9,000. Mai awo ba ya neman takarda. Yana iya cewa a ransa: shida dubu tara, sha biyu dubu sha takwas, saura biyu, su kuma sulusin shida ne, dubu uku, jimla dubu ashirin da ɗaya. Yana kuma iya bi ta ɗaya hanyar: kwano guda dubu ɗaya da ɗari biyar, sau sha huɗu, dubu ashirin da ɗaya. Ya ce, "Inna, ashirin da ɗaya ne," ya cika kwano da tozo, ya shafe gefe da tafin hannu, ya juye a buhunta.

Waɗannan hanyoyi biyu sun bambanta a tushe, kuma masana koyar da lissafi, musamman Bafaranshen nan Gérard Vergnaud, sun daɗe da rarrabe su. A ta farko, mutum yana motsi ne a cikin jinsi ɗaya: ya ninka kwanuka, sai ya ninka kuɗi daidai da haka. Bai taɓa haɗa kwano da naira a rabawa ɗaya ba. A ta biyu kuwa ya ƙetare daga jinsi zuwa jinsi, ya fitar da sabon abu wanda ba kwano ba ne ba kuma naira ba: naira a kowane kwano. Wannan sabon abu shi ne k. Hanya ta farko tana da sauri da kwanciyar hankali matuƙar lambobin na shiga juna. Ranar da aka ce kwano bakwai kuɗinsu 10,150, aka tambayi na sha bakwai, sai ta fara tangal-tangal, domin sha bakwai ba ta tsaga daidai a kan bakwai. Hanya ta biyu ba ruwanta: 10,150 gida 7 ya ba da 1,450, sau 17 ya ba da 24,650. Amfanin aljabara ga ɗan kasuwa ke nan. Tana ba shi mabuɗi guda da ke buɗe kowace lamba, mai daɗi da marar daɗi.

A birnin Recife na ƙasar Brazil, Terezinha Nunes da abokan aikinta Analúcia Schliemann da David Carraher sun bi yara masu talla a titi, suna sayen kaya a hannunsu suna lura da yadda suke lissafi, daga baya suka ba su lambobin nan dai a takarda irin ta makaranta. A bakin ciniki yaran sun ci kusan duka. A takarda, inda aka cire kaya da kuɗi aka bar lambobi tsirara, ko rabi ba su ci ba. An buga sakamakon a 1985, aka faɗaɗa shi a littafi a 1993. Duk wanda ya san yarinyar da ke tallan ƙosai da safe kafin ta tafi aji zai gane abin da suka gani. Ba ta kuskuren canji, amma in an rubuta mata x da y sai ta tsaya tana kallon malam. Iliminta bai ɓace ba. Ba a nuna mata cewa k ɗin da ke allo ita ce kuɗin ƙosai guda ba.

Abin da aka fi ba ta a maimakon haka shi ne ninkin gicciye: a jera lambobi uku da gurbin ta huɗu, a ninka biyun da ke kallon juna a karkace, a raba da wadda ta rage. Dabarar ba sabuwa ba ce, kuma ba abin rainawa ba ce. A tsohon littafin lissafin ƙasar Sin da ake kira Babi Tara, wanda ya kai kimanin shekara dubu biyu, babi na biyu akasarinsa kan musayar hatsi ne, inda aka ƙayyade cewa awo 50 na gero da ba a surfa ba daidai yake da awo 30 na surfaffe, sauran nau'o'in hatsi kowanne da lambarsa. A Indiya, Aryabhata ya kawo ƙa'idar lambobi uku a shekarar 499, Brahmagupta ya sake bayaninta a 628. A Bagadaza, wajen shekarar 820, al-Khawarizmi ya ware babi a littafinsa na aljabara kan mu'amalar mutane, inda ya nuna cewa saye da sayarwa da canji da haya duk suna tafiya ne a kan adadi huɗu, uku sanannu, na huɗu shi ake nema. Daga nan dabarar ta shiga Turai, kuma Fibonacci, wanda ya koyi lissafi a garin Bijaya na Aljeriya ta yau, ya cika littafinsa na 1202 da irin waɗannan matsaloli na fatake. Sai dai waɗancan marubuta suna koyar da mutanen da kayan ke gabansu, sun san wace lamba ce farashi wace ce awo. Ɗalibin yau kuwa an ba shi motsin hannu ba tare da kayan ba. Shi ya sa ninkin gicciye ke ba da amsa ko da tambayar ba ta sauyin kai-tsaye ba ce, kuma babu abin da ke cikin dabarar da zai ja masa kunne.

Kurakuran da ke biyo baya iri biyu ne, kuma suna fuskantar juna. Na farko shi ne a yi tarawa a inda ake bukatar ninkawa. Masu bincike irin su Robert Karplus a Amurka da Kathleen Hart a Ingila sun nuna yadda wannan kuskure ya yaɗu tsakanin ɗaliban sakandare. Ga yadda yake a gona. A ce takardar da ke jikin kwalbar maganin feshi ta ce a zuba mililita 100 a ruwa lita 20, manomi kuma goyon feshinsa lita 16 yake ci. Mai tunanin tarawa zai ce ruwa ya ragu da huɗu, don haka magani ma ya ragu da huɗu, ya zuba 96. Amsar gaskiya ita ce k tana mililita 5 a kowace lita, saboda haka 80 ake bukata. Bambancin 96 da 80 ƙari ne na kashi ɗaya cikin biyar a kan ƙa'ida, a kowane goyo, a duk faɗin gona. Wannan ba asarar maki ba ce a jarrabawa. Kuɗin magani ne ke tafiya, ganyen wake na iya ƙonewa, ragowar guba kuma ta bi abinci zuwa gida.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa, domin ɗaliban da suka ƙware a babin su ya fi kamawa: ganin sauyin kai-tsaye a ko'ina. Dirk De Bock da Wim Van Dooren da Lieven Verschaffel da abokan aikinsu a jami'ar Leuven ta Beljiyam sun yi shekaru suna nazarinsa, suka tattara shi a littafi a 2007. Sun gano cewa ɗalibai da yawa, in aka ce an ninka tsawon kowane gefe na fili sau biyu, sai su ce girman filin ma ya ninka sau biyu. Manomin Lambara ya san ba haka ba ne. Gona mai taki 40 a tsaye 40 a kwance, in aka mai da ita 80 da 80, irin da za ta ci ya ninka sau huɗu. Haka rumbu: in aka ninka faɗin gindinsa sau biyu aka bar tsayinsa yadda yake, abin da zai ɗauka ya zama huɗu. Akwai kuma gayya. Mutum shida sun nome gona a kwana huɗu, sha biyu fa? Ninkin gicciye, in aka jera shi a makance, zai ce kwana takwas, alhali kowane yaro ya san kwana biyu ne. Sannan ga hayar injin ban-ruwa a fadama, inda ake biyan mai inji kuɗin fito da shi ko da sa'a ɗaya zai yi, sannan a biya na mai gwargwadon sa'o'i. A ce sa'a uku sun ci 7,000, sa'a biyar sun ci 9,000. Kuɗi na ƙaruwa da ƙaruwar lokaci, amma in ka raba 7,000 gida 3 ka raba 9,000 gida 5, amsoshin ba su zo ɗaya ba. Akwai 4,000 da ke zaune tun kafin a tayar da inji, sai 1,000 a kowace sa'a.

Daga waɗannan ana iya fitar da gwaji biyu da ya kamata su gabaci kowane lissafi. Ɗaya: in x ta zama sifili, y ma tana zama sifili? Wanda bai sayi kwano ko ɗaya ba bai biya komai ba, amma wanda ya kira mai inji ya biya ko da ruwa bai zuba ba. Biyu: in aka raba y da x a kowane layi na jadawali, amsa guda ake samu? Cewa "in wannan ya ƙaru wancan ma yana ƙaruwa" bai isa hujja ba, ko da yake da shi ne ake yawan gabatar da babin a aji. Tsawon yaro na ƙaruwa da shekarunsa, amma ɗan shekara ashirin bai ninka ɗan shekara goma a tsawo ba. Amfanin gona na ƙaruwa da takin zamani, amma buhu na huɗu ba ya ƙara abin da buhun farko ya ƙara, wani lokaci ma a ƙasar jigawa da ruwa ya yi ƙaranci sai ya cutar. A zanen lissafi, gwajin biyu suna haɗuwa a siffa guda: miƙaƙƙen layi da ya ratsa ta mahaɗar sifili, wanda k ce ke nuna tsananin hawansa.

Inda na fi son a tsaya a yi dogon duba shi ne babin zakka, domin ban san wani fage guda da ya tara nau'o'in dangantakar adadi kusa da juna kamarsa ba. Wannan ƙasa kuwa ba baƙuwar karatun fiƙihu ba ce. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Har yau littafin Risala na Ibn Abi Zaid, mai babin zakka da lambobinta, yana cikin abin da ake biyawa a zaure.

Zakkar fid-da-kai sauyin kai-tsaye ce tsantsa. Sa'i ɗaya ne a kan kowane kai, wato mudun Annabi huɗu. Maigida mai ciyar da mutum tara, har da shi kansa, zai auna 36. Aka yi haihuwa kafin Salla, aka zama goma, sai 40. A nan k tana 4, kuma tana da suna: mudu a kowane kai.

Zakkar hatsi ta ɗan fi haka zurfi. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ushuri, ɗaya cikin goma, shi ya sa manomi ke ƙirga damma a bakin rumbu yana ware na goma gefe. Abin da aka shayar da wahala, da guga ko da inji, rabin ushuri ne, ɗaya cikin ashirin. Ga k biyu ke nan ga amfani iri ɗaya, kuma abin da ya raba su shi ne yadda ruwa ya isa gona. Sai dai ƙa'idar ba ta fara aiki sai amfani ya kai nisabi, wusƙi biyar, kowane wusƙi sa'i 60, jimla sa'i 300. Wanda ya sami 299 babu wajibi a kansa. Wanda ya sami 300 na damina zai fitar da 30. A lura da kyau: ba a kan abin da ya haura nisabi kaɗai ake fitarwa ba, a kan duka ne. Mai sa'i 500 zai ba da 50, ba 20 ba. In aka zana wannan, layin zai kwanta a ƙasa daga sifili har zuwa gab da 300, sannan ya yi tsalle ya hau kan miƙaƙƙen layin nan da, in aka ja shi baya, zai ratsa ta sifili. Darasin da ke ciki babba ne ga mai koyon aljabara: ƙa'idar y = kx na iya zama gaskiya a wani yanki na lambobi kawai, kuma sanin iyakar yankin wani ɓangare ne na amsa.

Zakkar dabbobi kuwa ta fita daga tsarin baki ɗaya. Tumaki da awaki in sun kai 40 ana ba da ɗaya. Ɗalibin da ya saba da ninkin gicciye zai ce 80 biyu, 120 uku. Hukuncin ba haka yake ba: daga 40 har 120 ɗaya ce, daga 121 zuwa 200 biyu, daga 201 uku, sai an kai 400 a ba da huɗu, daga nan ɗaya a kowace ɗari. Abin da ke tsakanin mataki da mataki, wanda malamai ke kira waƙasi, ba a ƙara komai a kansa. Shanu ma haka, suna farawa daga 30, kuma a can har shekarun dabbar da za a bayar suna sauyawa. Zanen wannan matakala ce, ba layi ba. Bafulatanin da ke kiwo a dajin Shagari, in ya yi karatun babin, yana riƙe da misalin da ke karya mummunar al'adar ganin kai-tsaye a ko'ina fiye da duk wanda ke cikin littafin makaranta.

Akwai kuma wani misali da ke zuwa ta rediyo da waya. Hukumomin zakka, ciki har da Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, kan sanar da nisabin kuɗi da mafi ƙarancin sadaki da diyyar rai a naira. Lambobin na hawa da sauka, amma duka ukun rataye suke da farashin zinariya: sadaki rubu'in dinari, nisabi dinari 20, diyya dinari 1,000. Saboda haka a kowace sanarwa nisabi ya ninka mafi ƙarancin sadaki sau 80, diyya kuma ta ninka nisabi sau 50. Malamin da ya kawo sanarwa biyu na watanni daban-daban, ya ɓoye lamba guda a kowacce ya ce a nemo ta, ya koyar da babin da lambobin da iyayen ɗalibansa ke magana a kansu a gida. Ya kuma nuna wani abu da farashin kwano ma ke nunawa: k tana tsaye ne a cikin sharaɗi. Kuɗin kwano ɗaya ne a kasuwa guda a rana guda, ga mai saye ɗai-ɗai. Da kaka daban, da bazara daban. Mai sari a buhu yana samun ragi, mai sayen kwano biyu yana samun gyara a kai. Kowanne daga cikin waɗannan yana ɗan kauce wa y = kx, kuma ya dace ɗalibi ya san ƙa'idar hoto ce na ciniki, mai amfani matuƙar an san inda ta yi daidai.

Misalin inuwa ya ƙara fito da wannan fili. Kafin agogo ya yawaita, mai son sanin shigar La'asar yakan tsaya a wuri mai baje, ya cire takalmi, ya ba rana baya, ya sa ido a inda inuwar kansa ta ƙare, ko ya sa yaro ya ajiye tsakuwa a wurin. Sai ya taka, diddige na taɓa yatsa, yana ƙirgawa. Malaman fiƙihu sun ƙiyasta tsawon mutum da ƙafa bakwai a ƙafarsa. La'asar na shiga in inuwa ta kai tsawon abu, bayan an ƙara inuwar da ta rage lokacin da rana ta yi tsaka. In ta tsakar rana ƙafa biyu ce, sai a jira tara. Dogo da gajere za su sami ƙirga kusan ɗaya, domin a lokaci guda a wuri guda inuwar kowane abu na tafiya kai-tsaye da tsawonsa, ƙafar kowa kuma gwargwadon jikinsa take. Da wannan ƙa'ida ɗalibi zai auna giginya bai hau ta ba: sanda mai mita 2 ta ba da inuwa mita 1.5, k ta zama 0.75, inuwar giginya mita 12, a raba da 0.75, tsawonta mita 16. Ana ba da labarin cewa da irin wannan dabara Thales, masanin Girka, ya auna dalar Masar tun ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa. Amma k ɗin inuwa ba ta kwana wuri ɗaya. Lambara na kusa da digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, rana kan bi ta saman kai, inuwar tsakar rana ta kusa ɓacewa. A Disamba kuwa, cikin hunturu, takan kai wajen ƙafa biyar. Wanda ya auna sanda da hantsi ya auna giginya da yamma ya haɗa k biyu a lissafi ɗaya.

In aka dubi yadda ake tsara tambayoyin babin a littattafan aji da takardun jarrabawa, za a ga akasarinsu suna buɗewa da sanar da ɗalibi cewa y na sauyawa kai-tsaye da x. Wato an riga an yi masa aikin da ya fi wuya, an bar masa rabawa da ninkawa. Ga kuma x da y ba su da suna, k ba ta da ma'auni. Ɗalibi zai rubuta k = 5 bai san biyar ɗin mene ne ba, shi ya sa yake juya ta a sauƙaƙe, ya raba x da y a maimakon y da x, kuma babu abin da zai ba shi mamaki a amsar. Da an ce naira 1,500 a kowane kwano, ba zai yarda da amsar da ta ce kwano goma kuɗinsu bai kai naira ɗaya ba. Wannan rashin suna yana bin sa har ajin kimiyya, inda dokar Hooke ta 1678 kan miƙewar waya gwargwadon nauyin da aka rataya mata, da dokar Ohm ta 1827 kan wutar lantarki, duk y = kx ne da sabbin tufafi, kuma kowacce tana da iyakar da take karyewa. Waya in aka cika mata nauyi ba ta komawa yadda take.

Maganar harshe ta shigo nan dole. Yaron Lambara da Hausa ko Fulatanci yake lissafin kasuwa, da Hausa da Larabci yake jin babin zakka, da Ingilishi kuma ake yi masa aljabara, kuma ba kasafai ake gina masa gada tsakanin ukun ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara firamare shekara shida da Yarbanci, har da lissafi da kimiyya, ya nuna cewa harshen gida na ɗaukar waɗannan darussa. A wannan ƙasa ma akwai abin koyi. Alhaji Shehu Shagari, tun kafin siyasa ta kai shi shugabancin ƙasa a 1979, malamin kimiyya ne a makarantar Midil ta Sakkwato, kuma ya tsara Waƙar Najeriya da Hausa don yara su san labarin ƙasarsu da harshen da suke tunani da shi. Ba sai an jira an sauya manhaja ba. Jarrabawa da Ingilishi za a rubuta ta, amma babu abin da ya hana malam ya yi rabin sa'ar farko da Hausa, ya sa ɗalibai su faɗi k da bakinsu: kuɗin kwano guda, mudu a kowane kai, magani a kowace lita.

Da ni ne ke tsara makon wannan babi, ba zan fara da alamar sauyi ko da harafin k ba. Zan rubuta jadawali huɗu a allo ba tare da na faɗi sunan ko ɗaya ba: na zakkar fid-da-kai daga mutum ɗaya zuwa goma, na hayar inji daga sa'a ɗaya zuwa shida, na gayya daga mutum uku zuwa sha biyu, da na tumaki daga 40 zuwa 250. In raba aji rukuni-rukuni, in ce kowane rukuni ya raba lambar dama da ta hagu a kowane layi, ya faɗi jadawalin da amsarsa ba ta motsa ba, ya kuma ba wannan amsa suna da Hausa. Sai rana ta biyu za a sa mata harafi. Ninkin gicciye ya jira rana ta huɗu, bayan an fita fili da sanda an auna itacen da ke harabar makaranta da hantsi, an sake auna shi bayan Azahar, an ga inuwoyin biyu sun bambanta amma tsawon da aka lissafa ya fito ɗaya.